Safiya uku nake kama wa duk wanda zan kai hawan balan-balan

Tun da muka dawo daga Turkiyya da rukuninmu na ƙarshe wayata ba ta huta ba, kowa da irin tambayarsa a kan balan-balan ɗin nan mai kwando da ke ɗaukar mutane sama, wani ya ce Malam wannan abin da kuka shiga babu tsoro kuwa, wata ta ce wai ba ya fashewa ne in wuta ta taɓa shi, amma tambayar da ta fi yawa ita ce me ya sa tafiyarmu sai an kwana uku a Kapadokiya alhali wasu suna tallan kwana ɗaya kuma ya fi sauƙi. Shi ya sa na ce bari na zauna na yi bayanin aikin nan daga tushe, wanda zai bi mu ya san abin da ya saya.

Ni dai sana'ata shirya tafiye-tafiye, ofishinmu yana nan Wuse 2 a Abuja, mu biyar ne har da yaron da ke kai fasfo da karɓowa. Amma ba a Abuja na koya ba, a Jos na tashi kuma a can na koyi aikin gurin kawuna wanda yake da ɗan ofishin sayar da tikiti kusa da Taminus. Lokacin tikitin takarda ne, ɗan littafi mai jan kabon a bayan kowane shafi, da biro ake cikewa kuma sai ka danne hannu sosai don rubutun ya ratsa har shafin ƙarshe. Wata shida na yi ban taɓa tikitin kwastoma ba, aikina share ofis da haddace lambobin filayen jirgi, KAN, LOS, JOS, JED, MED, kullum da safe kafin ya sha shayi sai ya yi min tambaya kamar ana tilawa. Ranar da ya fara miƙo min biro sai ya ce, "Ɗan nan, sunan mutum harafi-harafi za ka duba da fasfo, ka ɗora yatsa a kai, harafi ɗaya ya isa ya hana bawan Allah zuwa Umara." A 2008 aka daina tikitin takarda a duniya komai ya koma kwamfuta, amma har yau in zan shigar da suna sai na ɗora yatsa a kan fasfo, kuma haka na koya wa yarana. Abu na biyu da yake yawan faɗa shi ne kada na sayar wa mutum hanyar da ban taka da ƙafata ba. Allah Ya jiƙansa Ya kai haske kabarinsa.

Shekaru na yi aikina tikitin Umara ne da Dubai da masu zuwa asibiti Masar da Indiya. Balan-balan kam a Doha na fara ganinsa ido da ido, na raka wasu 'yan kasuwa lokacin sanyi sai muka dace ana bikin balan-balan na Qatar, wanda suka fara yinsa a Disambar 2019. Bayan magariba muka je filin, an jera su a tsaye an ɗaure da igiyoyi ba su tashi ba, kowanne tsayinsa ya kai bene mai hawa shida ko bakwai, wasu an ɗinka su da siffar dabbobi da tsuntsaye, sai a sa kiɗa matuƙan su riƙa kunna wuta a tare, duk filin ya haskaka kamar an kunna manyan fitilun ƙwai masu launi sannan ya mutu, ya sake kamawa, yara na ihu iyaye na ɗauka a waya. Na tsaya kusa da wani har zafin wutar yana dukan fuskata, ƙararta kamar ta murhun masu narka ƙarfe, na ce a raina wallahi mutanenmu za su so wannan. Daren nan ban yi barci da wuri ba ina ta bincike, a nan na gano akwai bikin da ya fi kowanne girma a Albakaki da ke jihar New Mexico ta Amurka, sun fara a 1972 da balan-balan 13 kacal, yanzu duk Oktoba sama da 500 ke tashi cikin kwana tara, akwai kuma na Biristol a Ingila da aka fara a 1979 ake yinsa a Agusta. Amma inda abin yake kusan kullum kamar ranar biki, kuma hanyarsa ta fi mana sauƙi, shi ne Kapadokiya a tsakiyar Turkiyya.

To sai na bi maganar kawu, na ce ba zan tallata ba sai na je da kaina. Daga Abuja jirgi kai tsaye zuwa Istanbul wajen awa bakwai, daga can ka sake hawa na cikin gida awa ɗaya da 'yan mintuna zuwa Kayseri ko Nebshehir, sannan mota ta kai ka Goreme, garin da ake tashi a Kapadokiya. Wani dillali na samu ta intanet ya ce min dare ɗaya ya isa, ka iso da yamma ka tashi da asuba ka wuce. Na yarda. Ƙarfe huɗu na dare na shirya na fito bakin otal ina jira, sai mai otal ya fito ya ce min yau ja ne. A can hukumar sufurin jiragen sama ce ke ba da izini kowace safiya bayan an duba ƙarfin iska, kore a tashi, rawaya a jira, ja kowa ya koma ɗaki, kuma in suka ce ja babu kamfanin da ya isa ya tashi ko nawa ka biya. Na kira dillalin nan ya fi sau ashirin bai ɗauka ba, jirgina na komawa Istanbul kuma da azahar. Haka na baro garin ban ga balan-balan ko ɗaya a sama ba, kuɗina ma sai da aka shafe makonni ana kai ruwa rana kafin wani ɓangare ya dawo. A cikin jirgi ina ta tunanin da a ce amarya da ango na kawo, ko wata uwa da 'ya'yanta suka haɗa mata kuɗi, da wane ido zan kalle su.

Daga ranar na yanke hukunci, duk wanda zan kai sai na kama masa safiya uku a garin, hawan na sa shi a safiyar farko, in iska ta hana akwai ta biyu da ta uku. Kuma ba wai kwana uku kawai ba, don in aka soke tashi yau waɗanda suka kama gurbin gobe suna nan da gurbinsu, kai da aka soke naka sai in akwai sarari, shi ya sa sai kana da kamfanin da ya san ka kuma kuka yi yarjejeniya a rubuce cewa mutanenka ne farko a layi. Wannan yarjejeniyar sai da na koma sau biyu na zauna da mutane na sha shayinsu a 'yan ƙananan kofunan gilas ɗin nan kafin na same ta. Watanni ma ina zaɓa, daga Afrilu zuwa wajen Nuwamba an fi samun tashi, da hunturu kuwa ƙanƙara ta rufe duwatsu gwanin kyau amma sokewa ta fi yawa, kuma ina faɗa wa mutum haka tun kafin ya biya.

Yanzu ka duba abin da ke ci min rai. Yara sun cika Instagram da TikTok kowa ya zama mai kamfanin tafiya, ba ofis ba rajista, bai taɓa taka Turkiyya ba, zai kwashi hotunan mutane har da namu na gani an yanke tambarinmu daga gefe, ya rubuta farashin da ko ni mai shekaru a harkar na san ba zai yiwu ba sai an zaftare wani abu, kuma abin da ake zaftarewa ɗin shi ne kwanakin nan da kujerar balan-balan ɗin kanta, sai ka isa can a ce maka ai hawan ba ya cikin lissafi, kallo daga ƙasa aka ce. Sau nawa ana kirana daga Goreme cikin dare, mutanen da ba ni na kai su ba, mace tana kuka tana cewa don Allah ɗan'uwa ka taimaka wanda ya kawo mu ya kashe waya. Ina taimakawa in da hali don Bahaushe ne ɗan'uwana a ƙasar mutane, amma a lokacin da gari ya cika gurbi ba ya samuwa. Kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski, ka karɓi kuɗin mutum ka tsaya masa har ya dawo gida.

Bari na faɗa muku yadda safiyar take in Allah Ya sa aka samu kore. Mota na zuwa otal tun duhu, sanyin gurin irin na Jos ne a tsakiyar Disamba don tudun nasu ma ya haura mita 1,000 kamar namu na Filato, duk wanda ya taɓa fita sallar asuba a Jos da hunturu ya san me nake nufi. Za ku isa fili ku tarar an shimfiɗa balan-balan a ƙasa kamar wata ƙatuwar tabarma, kwandon a kwance ta gefe, mutum biyu sun riƙe bakin, sai a kunna manyan fankoki masu inji su hura iska mai sanyi har ya kumbura mutum ya iya shiga ciki ya yi tafiya, daga nan matuƙi ya fara harba wuta. Gas ne a cikin silinda, ɗan'uwan wanda muke girki da shi. Iskar ciki tana zafi har wajen digiri 100, iska mai zafi kuwa ta fi mai sanyi rashin nauyi, shi ne duk sirrin, kamar yadda kake ganin tokar takarda na tashi sama in an ƙona shara. A hankali zai miƙe tsaye ya ja kwandon ya tashe shi. Yadin nailan ne mai ƙarfi da aka saƙa yadda ko ya ɗan yage yagewar ba ta tafiya, na bakin kusa da wuta kuma wani yadi ne daban da ba ya kamawa, to ga amsar mai tambayar fashewa, ba a rufe yake kamar na yara ba, ƙasansa a buɗe yake. Kwandon kuma saƙa ce ta hannu irin ta kujerun kara, har yau ba su canza ba saboda yana lanƙwasa ya shanye bugun ƙasa lokacin sauka.

Tashin kansa ba za ka ji shi ba. Babu gudu babu jijjiga irin ta jirgi, kana kallon masu riƙe kwando sai ka ga sun saki suna ƙara ƙanƙancewa. Da matuƙi ya saki wuta sai shiru, irin shirun da har carar zakara da haushin kare kana jiyowa daga ƙauyen da ke ƙasa, iska ma ba ta kaɗa ka don tare kuke tafiya da ita. Ka waiga hagu ka waiga dama balan-balan sama da ɗari, wasu a ƙasanka wasu a samanka, wutarsu na walƙiya cikin sauran duhu, sai rana ta ɓullo ta wajen dutsen Erjiyes. Duwatsun ƙasan kuwa masu tsini ne kamar rumbuna masu hula, toka ce ta aman wuta ta daskare ruwa da iska suka sassaƙe ta, mutane suka fafe ciki suka yi gidaje da coci-coci da ɗakunan tattabaru, tun 1985 UNESCO ta sa gurin cikin wuraren tarihi na duniya. Ni da na tashi ina ganin duwatsun Shere da na Riyom na ɗauka na san dutse, amma ranar bakina bai daina subhanallah ba. Har yanzu in na bi hanyar Riyom da sassafe sai na riƙa hango yadda gurin zai yi daga cikin kwando, ina roƙon Allah Ya nuna mana ranar da za a yi irin wannan a Filato.

Abin da mutane ba su sani ba, balan-balan ba shi da sitiyari. Matuƙi sama da ƙasa kawai yake iko da su, ya ƙara wuta a hau, ya ja igiya wata ƙofa a can ƙololuwa ta buɗe iska mai zafi ta fita a sauko. To ta yaya yake zuwa inda yake so? Iska hawa-hawa ce, ta ƙasa tana iya yin gabas ta samanta ta yi kudu, gwanin matuƙi shi ne wanda ya san a wane tsayi zai samu wadda yake nema. Shi ya sa ake tashi da asuba kafin rana ta gasa ƙasa iska ta rikice. Matuƙin da na fi ba mutanena yakan sauke mu cikin kwari har ka ga kamar ka miƙa hannu ka tsinki ganyen bishiya, sannan ya ɗaga mu ɗaruruwan mitoci, bayan kamar awa ɗaya kuma ya ɗora kwandon daidai kan tirelar motar da ke bin mu ta ƙasa, ko shayi ne a hannunka ba zai zube ba. Irin wannan hannun shekaru ne suka ba shi, kuma shi nake saya wa kwastomana.

Ba na wasa da zaɓen kamfani don abin yana da haɗarinsa in aka yi sakaci. A Fabrairun 2013 a Luksor ta Masar wuta ta kama wani balan-balan mutum 19 suka rasu, duk wanda ke wannan harkar ya san labarin. Saboda haka kafin na ba kamfani mutum ɗaya sai na ga lasisinsu da inshora, na tambayi shekarun matuƙi a aiki, na je fili na tsaya na ga yadda suke duba tiyo da silinda, na ga ko suna koya wa fasinja zaman sauka kafin a tashi, wato ka juya baya ga inda ake dosa, ka durƙusa kaɗan, ka riƙe igiyoyin cikin kwando da hannu biyu. Akwai kamfanin da na bari saboda wannan kaɗai, safiya ɗaya na ga sun tashi ba su nuna wa kowa ba suna sauri, ban sake ba su ko mutum ɗaya ba duk da sun fi sauƙi. Girman kwando ma magana ce, akwai mai cin mutum 28 akwai mai 16, an raba shi gida-gida, a babban za ka tsaya kafaɗa da kafaɗa da baƙi, ni kuwa na san matanmu ba za su so a cusa su da mazan da ba muharramansu ba, don haka ƙarami nake kamawa kuma na tabbatar mata suna gida ɗaya ko kowacce da mijinta.

Irin waɗannan ƙananan abubuwan su ne aikin. Ina lissafa lokacin asuba na ranar, in zai shiga kafin mota ta zo mu yi a otal, in sai a fili ne kowa ya fito da alwalarsa ina da dardumai a jaka. Ina gaya wa mata su sa wando mai kauri a ƙarƙashin abaya da takalmi sawu-ciki don kwandon ba shi da ƙofa, ramukan taka ƙafa ne a jiki sai an haura, mayafi kuma a ɗaure shi kada ya riƙa yawo kusa da wuta. Maza a ajiye babbar riga a otal, a sa hula don zafin wutar yana sauka a ka. Mai juna biyu ba ta hawa, yaro ƙasa da shekara shida ma haka, mai ciwon baya ko wanda aka yi wa aiki kwanan nan sai mun yi magana. Sannan al'adarsu ce in an sauka a buɗe kwalbar giya a yi murna, abin ya samo asali daga Faransa inda aka fara harkar, 'yan'uwa biyu masu sana'ar takarda da ake kira Mongolfiye su suka ƙera na farko a 1783, suka fara gwadawa da tunkiya da agwagwa da zakara kafin mutum biyu su hau a Paris a watan Nuwamba na shekarar. To ni tun kafin mu je nake rubuta musu cewa mutanena lemo za a ba su, kuma da kaina nake karɓar kwalbar na karanta jikinta kafin a zuba wa kowa.

Duk wannan sai wani Alhaji ya zo ofis ya zauna ya ce, "Haba ƙanina, ga wani can ya ce min rabin wannan, rage mana." Na ce ranka ya daɗe ba na ƙi ba ne, nuna min takardarsa mu duba tare, kwana nawa ne a Goreme, wane kwando ne, in aka soke wa zai tsaya maka. Sai a duba a ga babu ko ɗaya a rubuce. Wani ya gane ya biya, wani ya tafi can, kuma cikin waɗanda suka tafi akwai wanda ya dawo bayan shekara ya ce a sake shirya masa daga farko. Araha dai ba ta ado. In ragi ake so zan iya canza otal daga na cikin kogo zuwa na gama-gari, zan iya rage kwanakin Istanbul, amma safiya ukun nan da matuƙin ba na taɓa su.

Kuma kwanakin ba zaman banza ake ba, muna zuwa Derinkuyu garin da aka haƙa a ƙarƙashin ƙasa hawa-hawa har zurfin wajen mita 85, muna zuwa Abanos gurin maginan tukwane a bakin kogi, a ci naman da ake dafawa cikin tulu a fasa shi a gabanka.

A tafiyar nan ta ƙarshe akwai wata Hajiya mai kimanin shekara sittin da 'ya'yanta suka biya mata, safiyar farko ja, ta biyu ma ja, na ga jikin 'yarta ya yi sanyi, ni kaina daren nan ban runtsa ba ina ta duba hasashen iska. Hajiya ce ma take ce min, "Ɗana kwantar da hankalinka, in da rabo za mu hau." Safiya ta uku aka ba da kore. Mu biyu da 'yarta muka taimaka mata ta haura kwando, da farko ta runtse ido ta riƙe igiya gam tana ta salati, da muka ɗan yi sama na ce Hajiya buɗe ido ki gani, ta buɗe ta yi shiru can sai na ga hawaye, ta ce ita da ko bene mai hawa uku ba ta son leƙawa yau ga ta a nan, ta yi ta sa wa 'ya'yanta albarka har da ni. Takardar shaidar hawan da matuƙi ya ba ta na ji an sa mata a firam a falo.

Masu tambayar wasu guraren, muna shirya na saharar Dubai a watannin sanyi, da na Masai Mara a Kenya tsakanin Yuli da Oktoba lokacin da garken namun daji ke ƙaura, duka biyun na hau da kaina. Bikin Doha ma muna haɗa shi ga mai iyali da ƙananan yara tunda kallon dare bai da iyakar shekaru. Rukunin Kapadokiya na gaba in sha Allahu a Afrilu ne, mutum 14 kawai nake ɗauka don mu cika kwando ɗaya da ni da yarona, kuma biza tana cin lokaci, don haka mai niyya ya leƙo ofis da wuri da fasfonsa, ya duba ya tabbatar da sauran aƙalla wata shida a kansa.